Carbin Inna da Zuciyar Ɗan Fari

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama kan tabarmar da ya tashi a kai sai ta huce. In tana son a kai masa tuwo sai ta dubi turmi ta ce, "A miƙa ma mutumin can abinci." In ya durƙusa gaishe ta da safe, katanga take amsa wa. Akwai wani maƙwabcinmu da ya yi rashin sa'ar zama takwaran Yaya. Shekara ashirin Inna tana kiransa mai itace, har ya bar sayar da itace ya koma taki, sunan bai sake shi ba.

Ni ce auta, kuma Allah ya yi ni da baki. Don haka tun ina 'yar ƙarama na zama wayar da ke tsakaninsu. Suna tsakar gida ɗaya a Faskari, tazararsu ba ta kai taku biyar ba, Inna za ta ce, "Tambayi wancan ko ya ga almakashina." In juya in maimaita masa abin da ya riga ya ji, ya ba ni amsa, in sake juyawa in maimaita mata abin da ita ma ta riga ta ji. Aiki ne mai gundura, shi ya sa na koyi gyara saƙo a hanya, in ƙara gishiri nan, in rage can. Wannan halin nawa ne ya kusa mayar da Yaya inda muka sha wuya kafin mu ɗauko shi.

Yaya tela ne. Bayan rasuwar Baba da kamar shekara ɗaya lalurar ƙwaƙwalwa ta same shi. Da farko cewa yake keken ɗinkinsa na yi masa magana, muka ɗauka wasa ne irin na teloli. Daga baya ya daina barci, ya daina wanka, ya riƙa ɗinke bakin hannun rigunan mutane don kada wani abu ya shiga ta nan. Shekara uku muka yi a haka. Ba zan yi ba'a da waɗannan shekarun ba, don na sha ɗaukar tuwon da Inna ta zuba masa in kai, ya dube ni ya tambaye ni 'yar gidan wa ce ni. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi tofi, kowa ya zo da nasa. A ƙarshe muka kai shi babban asibiti, aka ɗora shi kan wata 'yar ƙwaya fara, guda ɗaya kullum tare da tuwon dare. Cikin 'yan watanni Yaya ya dawo. Ranar da ya ɗanɗana miya ya ce, "Gaya ma Inna gishiri ya yi yawa," Inna ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito idonta ja, ta ce hayaƙin murhu ne, alhali murhun yana waje.

Muka ci gaba da komawa asibiti duk bayan wata uku. Mukan fita da sassafe mu dawo kafin la'asar, don hanyarmu ba ta biyuwa da yamma a 'yan shekarun nan. Inna ba ta taɓa fashin zuwa ba, kuma ba ta taɓa shiga ɗakin likita ba. Ɗakin ƙarami ne, kujerun manne da juna, babu inda za ta ajiye idonta bai faɗa kan ɗanta ba. Sai ta zauna kan benci a baranda, carbinta a hannu, ni in shiga in ɗebo mata labari.

A wani zuwan muka tarar an canza likita. Sabuwar mace ce, 'yar siririya mai tabarau, mai son bayani. Ta sa aka kai Yaya wani ɗaki aka manna masa wasu 'yan abubuwa masu wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta fitar da doguwar takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Ta duba ta ce lafiya lau. Sannan ta gyara zama ta yi mana karatu. Ta ce irin wannan maganin, a wasu mutane, yakan taɓa zuciya: ya sa ta sauri, ko ta riƙa tsallake bugu, ko mutum ya ji jiri in ya miƙe da gaggawa. Ta ce mai tsanani ba kasafai yake faruwa ba, amma saboda shi ake wannan awon lokaci-lokaci. Kada a haɗa masa da wani magani, ko na zazzaɓin cizon sauro ne, sai an tambaya, don wasu ba sa jituwa da shi. In ya suma, ko ya ji ƙirjinsa na lugude, a kawo shi nan take. Ta nuna mini yadda ake ɗora yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga bugun na minti ɗaya, ta ce in yana zaune yana hutawa amma kullum ya wuce ɗari, a sanar da ita. Abu na ƙarshe sau biyu ta maimaita shi: kada a rage maganin, kada a daina, sai da saninta.

Minti goma ta yi tana magana. Na fito baranda Inna ta ce, "Mi ta ce?"

Na ce, "Ta ce maganin na iya tsaida zuciya."

Wallahi har yau ban san abin da ya hau kaina ba. Ina jin so nake in ga an zaro ido, kamar yadda duk mai kawo labari ke so. Da na ga carbin ya tsaya a hannunta sai na yi saurin ƙarawa da maganar ƙirga bugu, ina ganin na gyara. Sauran bayanin, har da wanda aka maimaita sau biyu, na baro shi a ɗakin likita.

Washegari Inna ta kafa doka: kullum da hantsi za a ƙirga zuciyar mutumin can. Ita ba za ta taɓa hannunsa ba, wannan ko a mafarki. Ni kuma ba ta yarda da lissafina ba, tun da ta san yadda na ƙare da shi a makaranta. Sai ta fito da dabara, kuma dole in ce dabara ce mai kyau. Carbinta ƙwaya ɗari ba ɗaya ne. Yaya zai zauna kan tabarma a gindin bedi, wato darbejiyar tsakar gidanmu, ni in riƙe wuyan hannunsa, wayata a cinya tana ƙirga minti. Duk bugun da na ji in ce "um". Ita tana cikin ɗaki bayan asabari, duk "um" ta ja ƙwaya ɗaya. In minti ya cika da sauran carbi, alhamdu lillahi. In carbi ya ƙare minti bai cika ba, an shiga ɗari ke nan.

Da ka shigo gidanmu da hantsi a kwanakin nan da ka ga abin kallo. Namiji mai gemu zaune yana kallon sama, mace baliga riƙe da hannunsa tana "um, um, um" kamar kurciya, ga asabari na motsi shi kaɗai. Kajin gidan ma da farko sukan tsaya, daga baya suka saba.

Ranar farko minti ya cika da sauran ƙwaya kusan ashirin. Rana ta uku saura goma. Ta biyar saura biyu. Ranar ta shida ina tsakiyar "um" ɗina, waya na nuna da sauran daƙiƙa goma sha biyar, sai na ji salati daga bayan asabari.

"Ya ƙare! Carbin ya ƙare!"

Yaya ya ce, "Gaya ma Inna ni ban jin komi. Lahiyata lau."

Inna ta ce, "Gaya mashi ba a tambaye shi ba."

Ni ban san ko nawa ne ba, don mai "um" ba ya ƙirga. Bakina na aiki, idona na kan waya, babu sauran wurin lissafi a kaina. Na ce to mu koma asibiti kamar yadda aka ce. Inna ta ce, "Waɗanda sunka ba shi abin da ke tsaida zuciya, su za mu koma mawa?" Ta ce tana da nata masanan, kuma ta aika aka kira su.

Ta farko Gwaggo ce, yayar Baba, daga Ƙanƙara. Ita ta yaye Yaya ta riƙe shi har ya shekara bakwai, kamar yadda ake yi da 'ya'yan fari, saboda haka tana da lasisin taɓa shi, har da ja masa kunne. Abin da Inna ta manta shi ne kunnen Gwaggo na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ma a kan gargara yake. Ta iso da azahar, ko mayafi ba ta cire ba ta ce Yaya ya ɗaga riga. Ta ɗora mataccen kunnen a ƙirjinsa, a ɓangaren dama kuma. Muka yi tsit. Ta daɗe a sunkuye, sannan ta ɗago a hankali ta dubi Yaya da tausayi.

"Babu komi ciki," in ji ta. "Shiru kamar rumbu da bazara."

Sai ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Gwaggo ba ta iya ƙaramin kuka ba, don ba ta jin kanta. Kafin mu shawo kanta matan maƙwabta sun fara shigowa da salati, suka tarar da mamacin zaune yana ɓare gyaɗa. Na juya Gwaggo na ɗora ɗaya kunnen. Wannan karon ta sauka ƙasa da yawa, ta ji cikinsa na kukan alalar da ya ci. Ta ce zuciyar tana nan, amma ta zazzago, kuma tana magana.

Yaya ya ce, "Gwaggo, ni da nike shan magani don abubuwa su bar yi mani magana, ki ƙaro mani wata?" Ba ta ji shi ba, ta ce amin.

Bayan kwana uku, ranar kasuwar 'Yankara, Kawu ya biyo da hantsi. Ƙanen Inna ne, makaɗin kalangu na mahauta a garin Sabuwa, mutumin da bai taɓa jin wata matsala ya ce ba fanninsa ba ce. Da aka ba shi labari ya yi dariya ya ce mun yi ta wahalar banza.

"Bugu ai sana'ata ce," in ji shi. "Shekara talatin ina bugu. Bari in sa kunne, in buga maku abin da zuciyar ke hwaɗi, kowa ya ji da kunnenai."

Ya maƙale kalangu a hammata, ya manna kunne a ƙirjin Yaya, ya fara. Gaskiya da farko ya riƙe amana: dum-dum, dum-dum, a natse. Har na ga asabari ya daina rawa. Amma hannun da ya shekara talatin yana yi wa mahauta kirari ba ya iya tafiya a miƙe. Can sai ya sa 'yar kwalliya. Ya matse kalangun ya ƙara wata. Kafin a jima ya ɗauke kansa daga ƙirjin gaba ɗaya, ya lumshe ido, yana zuba kiɗan fawa sosai har da taka ƙafa. Inna ba ta ganinsa. Abin da ta sani kawai an ce mata wannan sautin zuciyar ɗanta ce, kuma ga ta tana gudu, tana tsayawa cak, tana tsalle uku-uku.

A unguwarmu kuwa in aka ji kalangu da hantsi ma'anarsa ɗaya ce: an yanka sa. Sai ga sallama a zaure, mutane da kwanoni da ledoji, kowa na tambayar ina aka shimfiɗa naman. Wani dattijo ya ɗaga murya daga waje yana cewa in ba a riga shi ba a ajiye masa zuciyar da hanta. Kawu ya fita ya ba su haƙuri, ya dawo ya yanke hukunci cewa zuciyar yaron ba ta da laifi, sai dai ba ta da armashi. Ni da Yaya muka yi dariya har da hawaye. Inna ba ta yi ba, kuma ba ta fito daga ɗaki ba sai la'asar.

Daga ranar ta daina zancen. Ana ƙirga da hantsi, carbi na ƙarewa da wuri, amma babu salati. Na ɗauka haƙura ta yi. Tun farko ita ke ajiye maganin, cikin wata samira a saman jerenta, kuma ita ke ɗora ƙwayar a gefen faifan da ke rufe tuwon Yaya. Yanzu sai ta fara dunƙule ta cikin 'yar lomar tuwo, wai don kada ɗaci ya dame shi. Ni da ke kai kwanon har daɗi abin ya yi mini. Na ce ashe tsohuwar ta fara nuna so a fili.

An yi kamar mako biyar a haka. Wata rana da azahar na kai wa Yaya ruwa a zauren da yake ɗinki, na tarar ya tsayar da ƙafa, ya karkatar da kai wajen keken, ya yi kasaƙe. Sai na ji ya ce a hankali, "Na'am?"

Na san wannan na'am ɗin, shekara uku ina jin ta. Na ajiye ruwan na koma ciki. Inna ta tafi barka a maƙwabta, sai na taka turmi na sauko da samirar. Na tarar da reza sabuwa, da ƙullin leda cike da ɓarin ƙwayoyi, kowace an raba ta biyu daidai, aikin mai haƙuri.

Da ta dawo na tare ta a ƙofar ɗaki da ledar a hannu. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Na ce me ke nan. Na ce so take ya koma ɗinke hannun riguna. Na ce garin neman gira za ta rasa ido. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Ta bar ni na zazzage, ta zauna bakin gado, ta ninke mayafinta.

Ta ce, "Rabi nike ba shi. Rabi ya riƙe hankali, rabi ya bar zuciya ta huta."

Na ce, "Ba haka magani ke aiki ba, Inna!"

Ta ce, "Wanda ke hira da keke dai shina numfashi. Shekara uku ina aika mashi tuwo bai san wa ke aikowa ba, amma na san inda kwanon ke zuwa. In zuciya ta tsaya, ina zan aika da tuwon?"

Nan fushina ya zube, kunya ta maye wurinsa. Maganata ce ta baranda take riƙe da ita tun ranar, ita take kwana da ita take tashi da ita. Na zauna ƙasa na kawo mata sauran saƙon likita, wanda na makara da shi kusan wata biyu: cewa mai tsananin ba kasafai yake faruwa ba, cewa awon ya nuna lafiya, cewa an ce kada a rage sai da sani, har sau biyu. Ta dube ni ta ce, "Ke dai wanga baki naki, Allah ya shirya." Na ce amin, don na cancanci fiye da haka.

Ashe Yaya yana tsaye a bakin ƙofa. Bai shigo ba, ya dubi gindin bedi ya yi magana.

"Gaya ma Inna keken ya hwara magana. Har yanzu ina gane ƙarya shike. Gaya mata ina tsoron ranar da zan bar ganewa. Gaya mata ni so nike in san wa ke aiko mani da tuwo."

Na juya na maimaita mata, babu ƙari babu ragi. Ina jin shi ne karo na farko a rayuwata.

Washegari muka kama hanyar asibiti, da ledar ɓarin ƙwayoyi a jakata. Da aka kira mu na miƙe kamar kullum, sai na ga Inna ta miƙe ita ma. Ta shiga ɗakin likita, ta ja kujera ta juya ta, ta zauna tana fuskantar bango, hancinta kusa da kalanda. Aka sake manna wa Yaya wayoyin, takardar ta sake fitowa, likita ta duba ta ce har yanzu lafiya lau. Na ba ta labarin reza ina jiran faɗa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce mu nuna mata yadda muke ƙirgawa.

Ta maƙala wa Yaya wani ɗan abu a yatsa mai nuna lamba, ta ce mu fara. Na riƙe wuyan hannu, na kama "um" ɗina a gaban likita, ina jin kunya kamar in nutse. Minti bai kai ko'ina ba Inna ta gaya wa kalanda cewa carbi ya ƙare. Abin yatsa kuwa saba'in da 'yan kai yake nunawa. Likitar ba Yaya take kallo ba, yatsun Inna take kallo. Ashe ba sa jirana. Kafin in ce "um" ɗaya sun ja biyu.

Ta ce, "Hajiya, ba ni hannunki." Ta riƙe, ta dubi agogo, ta yi murmushi. "Taki kike ƙirgawa. Ita ce ta wuce ɗari, tsoro ya sa ta gudu."

Inna ta ja mayafi. Can ta ce, "To ko ni za a ba sauran rabin?"

Likita ta yi dariya har ta cire tabarau. Sannan ta sake yin karatun nan daga farko, wannan karon kai-tsaye ga ƙeyar Inna, ba ta hannuna ba. Ta ce tsoronta ba na banza ba ne, abin yana faruwa, shi ya sa ba za su daina awo ba, kuma in awo ya nuna wani abu akwai wasu magungunan da za a canza masa. Amma rabin ƙwaya a ɓoye zai dawo da ciwon ne kawai. Ta tsara yadda za a mayar da shi kan cikakken maganin, ta ce mu dawo bayan mako biyu. Har mun fara tattara kaya ta tambayi Inna ko ta taɓa jin zuciyar da kunnenta.

Na yi caraf na ce ɗan fari ne. Likita ta ce ta gane tun daga kujera, ita ma 'yar fari ce, har yau "waccan" ake ce mata a gida duk da tabarau. Ta ciro abin sauraren ƙirji daga wuyanta ta nuna wa Inna tsawon igiyarsa. "Ba sai kin taɓa shi ba, ba sai kin dube shi ba." Ta zura mata shi a kunne ta ƙarƙashin mayafi, ta ɗora ɗaya bakin a ƙirjin Yaya.

Inna ta daɗe tana fuskantar bango. Na ga yatsunta sun fara jan carbi su kaɗai, a hankali, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, ba mai ce musu "um". Minti ya wuce da sauran carbi mai yawa. Ba ta cire ba, likita ma ba ta ce ta cire ba, duk da layin da ke jira a waje. Da ta yi magana, da kalanda ta yi.

"Haka nike jin ta a bayana, sadda ina goyon shi."

Ni na shiga neman wani abu a jakata wanda babu shi a ciki.

A mota Inna ta ce ita ma tana son irin abin nan. Na ce na likitoci ne. Ta ce likitoci ba su fi ta kunne ba. Ranar kasuwar 'Yankara ta sa aka sayo mata siririn tiyo kamu goma da sabon mazurari irin na masu man gyaɗa, Yaya ya haɗa su ya ɗaure da zare. Abin mamaki yana aiki, in kaji sun yi shiru. Sai tsarin hantsi ya canza: Yaya a gindin bedi da mazurari a ƙirji, tiyo ya ratsa tsakar gida ya shige ta ƙarƙashin asabari. Ni aka sallame ni daga "um", aka bar ni da riƙon waya. Ƙwaya ta koma gefen faifai, cikakkiya, a fili, ba loma. Cikin 'yan makonni keke ya koma keke, ɗinki kawai yake yi.

Na gane Yaya ya warware sosai ranar da tsokanarsa ta dawo. Muna zaune da hantsi, tiyo a miƙe, Inna ta yi nisa cikin saurare. Na ga ya dube ni ta wutsiyar ido. Ya ɗauke mazurarin daga ƙirji a hankali, ya kai bakinsa, ya cika ciki da iska ya ce, "Inna, ina kwana!"

Aka yi wata ƙara a ɗaki, carbi ya faɗi, samira ta bi shi. Sai muryar Inna ta fito da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta kira sunan. Cikakke ta kira shi, yadda ake kiran yaron da ya yi ɓarna, ta ɗora da, "Za ka kashe mani kunne!"

Gidan ya yi tsit. Na ji lokacin da ta rufe bakinta da hannu a bayan asabari. Sunan ba zan rubuta shi a nan ba, nata ne, ta shekara kusan arba'in tana ajiyarsa. Yaya ya sunkuyar da kai kan gwiwa, kafaɗunsa na rawa, na ɗauka dariya yake. Da ya ɗago gemunsa a jiƙe yake. Bai dubi bedi ba, bai dube ni ba, asabarin ya duba.

Ya ce, "Na'am, Inna."

Ban juya na maimaita wa kowa ba.